Zane da Leza a Kan Akirilik: Abin da Ɗan Malbaza Zai Duba Kafin Ya Biya Kuɗi

Yau maganarmu a kan wata na'ura ce da matasa da yawa suka riga suka gani a wayoyinsu, ko a TikTok ko a Facebook. Ƴar akwati ce da ake ɗorawa a kan tebur, a cikinta wani ɗan kai yana ta kai da komo, cikin ƴan mintuna sai suna ya fito fari tas a jikin wani faranti mai kama da gilashi. A ɗora farantin a kan gindi mai fitila, rubutun ya ɗau haske, mai bidiyo ya ce ga sana'ar da za ta raba ka da zaman banza. Na'urar zane da leza ke nan, farantin kuwa akirilik ne, wanda masu yin allunan shago suka fi sani da Plexiglas. Tambayar ita ce ko wannan aiki zai ciyar da mutum a gari irin Malbaza. Ra'ayina shi ne zai iya, amma ba ta hanyar da bidiyo ke nunawa ba. Wanda ya ruga ya sayi mai araha shi kaɗai, ba tare da ya koyi halin kayan aiki da halin garinmu ba, asara ce ta fi kusa da shi. Na'ura ɗaya ta ƙwarai a hannun wanda ya koya, ko da ta haɗin gwiwa ce, ta fi goma na araha amfani. Ga dalilaina.

Mu fara da yadda take aiki, domin duk sauran maganar daga nan ta taso. Babu wuƙa a cikinta, babu tawada. Haske ne ake tattarawa a matse shi a ɗigo ɗaya da bai kai kan allura ba, zafinsa ya mayar da fuskar abin da ya taɓa hayaƙi. Wani Ba'amurke mai suna Theodore Maiman ne ya fara kunna leza a shekarar 1960, sannan a 1964 Kumar Patel, ɗan asalin Indiya da ke aiki a ɗakunan binciken Bell a Amurka, ya ƙirƙiro irin wadda ke aiki da iskar CO2, wadda har yau ita ce ke yanka akirilik a duniya. Abin da ya kamata mai saurare ya riƙe shi ne, haske ba ya ƙona abu sai abin ya shanye shi. Kowa ya san yadda baƙar riga ke ɗaukar zafi a ranar bazara fiye da fara. To haka ne a nan ma: abin da ya sha hasken shi ke ƙonewa, wanda hasken ya ratsa ya wuce kuwa ko gezau ba zai yi ba.

Na'urorin tebur da ake tallatawa iri biyu ne. Akwai mai shuɗin haske, wadda ake kira diyod, tsawon zangon haskenta wajen nanomita 450. Ita ce mara nauyi, mai sauƙin kuɗi, sau da yawa ma ba ta da murfi, ƙarafa huɗu ne kawai da kai a tsakiya. Akwai kuma ta CO2, mai dogon bututun gilashi a bayanta, tsawon zangon haskenta nanomita 10,600, wanda ido ba ya gani sam. Akirilik garai-garai an yi shi ne domin hasken da ido ke gani ya ratsa shi, har kashi 92 cikin ɗari yake bari ya wuce. Shuɗin hasken diyod yana cikin wanda ido ke gani, saboda haka ratsa farantin yake yi ya je ya ƙona teburin da ke ƙasa, farantin kuwa yana nan yadda yake. Hasken CO2 shi ne akirilik ke shanyewa nan take. Ke nan wancan faranti mai walƙiya da ya ja hankalin yaro a bidiyo, ƙaramar na'urar da kuɗinsa za su iya saye ba za ta yanka shi ba, ko da an rubuta wat nawa ne a jikin kwalinta. Diyod tana yanka baƙin akirilik da wasu masu duhun launi, tana zane mai kyau a katako da fata, amma garai-garai da shuɗi sun fi ƙarfinta, fari ma da ƙyar. Masu talla ba ƙarya suke yi ba idan suka rubuta cewa tana aiki a kan akirilik, launin ne kawai ba sa faɗa.

Wani zai ce ai akwai dabara, ana shafa baƙin fenti a bayan farantin, fentin ya ɗau zafi ya bar tabo, daga baya a wanke. Gaskiya ne, ana yi, kuma zane yana fitowa. Amma a duba abin da dabarar ke ci: shafa fenti, jiran ya bushe, wankewa, ga zanen ba ya fita sumul ko'ina, sannan har yanzu ba ka yanka farantin ba, sai ka koma ga zarto da takardar gogewa. Mai yin abu ɗaya don sha'awa zai jure wannan, amma wanda aka ba aikin kyaututtuka 50 na saukar karatu, ana so jibi, ba zai jure ba. Wani kuma zai ce a fara da ƙarama, in an samu kuɗi a sayi babba. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ban ƙi ta ba, da sharaɗi ɗaya: mai farawa da diyod ya san cewa sana'ar katako da fata da ƙwarya ya shiga, kada ya karɓi kuɗin kowa da alkawarin faranti mai haske. In ya san haka tun farko, ba a cuce shi ba, shi ma ba zai cuci wani ba.

Shi kansa akirilik ɗin ba iri ɗaya ba ne. Tun 1933 kamfanin Otto Röhm a Jamus ya fito da shi da sunan Plexiglas, Ingila ta biyo baya da nata mai suna Perspex, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu da shi aka yi tagogin jiragen yaƙi, saboda nauyinsa rabin na gilashi ne kuma ba ya tarwatsewa kamar gilashi. Hanya biyu ake yin sa. Akwai na zubi, wanda ake zuba ruwan haɗinsa tsakanin gilasai biyu ya daskare, akwai kuma na matsi, wanda ake narkawa a tura ta cikin inji ya fito shimfiɗe. A ido kusan ɗaya ne, a ƙarƙashin leza kuwa kowa da halinsa. Na zubi shi ke ba da farin zane mai kama da garin gishiri, wanda ke kama haske. Na matsi zanensa fitowa yake yi dishi-dishi, kusan babu fari, sai dai bakinsa yana yin sheƙi idan an yanka, kuma ya fi araha. Ɗan kasuwar da ke sayar da manyan faranti, masu faɗin mita 1.22 da tsawon mita 2.44, ba lallai ne ya san wanne ke hannunsa ba, domin yawancin masu saye taga ko allon shago za su yi da shi. Saboda haka mai zane ne zai nemi ɗan guntu ya gwada kafin ya biya kuɗin faranti guda ya ɗauko shi tun daga Sakkwato ko Maraɗi ko Yamai.

Bari mu leƙa teburin mai aikin, mu ga abin da bidiyon minti ɗaya ke yankewa. Zai tsara zanen a kwamfuta, da CorelDRAW ko Inkscape wadda kyauta ce, sannan ya tura wa na'urar ta wata manhaja irin LightBurn. Zai juya rubutun ya koma baibai, domin a bayan faranti ake zanawa, a karanta ta gaba, fuskar ta zauna sumul ba ta riƙe datti. Zai ɓare ledar da ke gefen da za a zana, ya bar ta ɗaya gefen don kada hayaƙi ya ɓata shi. Zai auna tazarar da ke tsakanin kan na'urar da farantin, domin kuskuren milimita biyu ya isa ya mayar da siririn layi ya zama mai kauri da dushewa. Kafin ya taɓa farantin mai kaya, zai ɗauki ɓarɓashi ya zana ƙananan murabba'ai jere-jere, kowanne da nasa gudu da nasa ƙarfi, ya ɗaga a haske ya zaɓi wanda ya fi fari. Zane yana son gudu da ƙarfi kaɗan, yanka yana son tafiyar hawainiya da ƙarfi sosai. In aka cika wuta a wurin zane sai fuskar ta narke, farin ya tafi. Bayan an gama, da ruwa da ɗan sabulu da tattausan ƙyalle ake wankewa. Wanda ya goge bakin da leza ta yanka da alkol zai ga ƙananan tsage-tsage sun bazu a jiki, kuma ba su da gyara. Shi kuma hasken da ke burge mutane, sirrinsa shi ne hasken fitilar da ya shiga ta bakin faranti yana tafiya a ciki ba ya fita, sai ya iso inda aka karce sannan ya ɓullo. Duk yatsan da ya bar maiƙo, duk ƙarcen da aka yi garin ɗauka, shi ma zai haska tare da sunan.

Yanzu mu zo ga abin da ya shafi garinmu, wanda littafin na'urar bai yi lissafi da shi ba. Na farko zafi. Bututun gilashin nan ruwa ke zagaya shi yana sanyaya shi, kuma masu ƙera shi suna son ruwan ya tsaya tsakanin digiri 15 zuwa 25. A Malbaza, cikin Afrilu da Mayu, ma'auni yana haura 40 a inuwa, ruwan da ya kwana a bokiti a ɗakin kwano kuwa da hantsi ya riga ya wuce abin da ake so tun ba a kunna komai ba. Da ruwa mai ɗumi ƙarfin hasken yana raguwa, yanka ya ƙi ratsawa, mai aiki ya ƙara wuta, bututun ya ƙara tsufa da wuri. Ƙananan na'urorin Sin masu wat 40, waɗanda aka fi sani da K40, da ɗan famfo kawai suke zuwa, a jefa a bokiti. Akwai kuma akwatin sanyaya ruwa mai lamba CW-3000 da ake yawan haɗawa da su, wanda fanka ce kawai ke hura bututun ruwa, ba ya iya saukar da ruwa ƙasa da zafin ɗakin. A ƙasar sanyi ya isa, a nan bai isa ba. Wanda ke da injin sanyi irin na firji, kamar CW-5000, shi ne na ƙasarmu, kuma kuɗinsa na iya kusantar kuɗin ƙaramar na'urar kanta. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya jefa gorunan ƙanƙara a rufe cikin bokitin, ya sa ma'aunin zafi, ya yi aiki da asuba da dare, amma ya san cewa kuɗin ƙanƙara ma ya shiga lissafin kowane faranti.

Na biyu ƙura. Hasken CO2 yana bi ta madubai uku kafin ya faɗa kan ɗan gilashin da ke matse shi. Ƙwayar ƙura ɗaya da ta zauna a kan wannan gilashi tana shan zafi, ta ƙone ta manne, wata rana gilashin ya tsage. Garin da ke bakin babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, manyan motocin siminti da na albasa suna wucewa dare da rana, ga hazon hunturu na wata uku, ba wurin da za a ajiye wannan na'ura a rumfa a buɗe ba ne. Tana son ɗaki mai silin da ƙofa mai rufuwa, da mai aikin da zai duba madubai kowace safiya.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi tunda ya shafi rai, shi ne hayaƙi. Akirilik na gaske yana fitar da wari mai kaifi da ke sa ciwon kai da ƙaiƙayin ido, dole a ja shi da fanka ta bututu a fitar waje, nesa da tagar maƙwabci. Amma babban haɗari yana wurin robobin da ke kama da shi. Duk abin da aka yi da PVC, irin su ledar tallan da ake bugawa manyan hotuna a kai, da farin allon kumfa na masu alluna, da fatar roba ta kujerun babur, da yawancin takardun mannawa, in leza ta ƙona shi iskar asid yake fitarwa, mai cin huhu, mai sa ƙarafan na'ura tsatsa cikin ƴan kwanaki. A kasuwarmu kuwa ba a rubuta wa roba suna. Akwai gwaji mai sauƙi da za a yi a waje inda iska ke kaɗawa: a gasa jan waya ta tagulla a wutar gas, a taɓa robar da ita, a mayar cikin wutar, in harshen ya koma kore, akwai sinadarin kilorin, kada a kusantar da ita ga na'ura. Sai ido. Shuɗin hasken diyod yana wucewa har cikin ƙwayar ido ya ƙona inda gani yake, kuma tartsatsin da ya dawo daga ƙarfe mai sheƙi ya isa ya yi ɓarna kafin mutum ya ƙifta. Tabarau na rana ba ya karewa, na masu walda ma ba don wannan aka yi shi ba. A tuna yadda yara ke cika ƙofar duk shagon da aka kawo sabon abu. Na'ura mara murfi a irin wannan wuri ganganci ne. Akirilik kuma yana cin wuta, ba a barin na'ura tana yanka a tafi sallah ko shan shayi, sai an tsayar da ita.

Ga ƙorafin da na san yana bakin masu saurare da yawa: ina wutar da za a yi wannan duka? Ƙorafi ne na gaskiya. Malbaza tana da tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Nuwamban 2018, amma wutarta layin kamfanin wuta na NIGELEC take shiga, kuma kowa ya tuna yadda aka sha duhu bayan Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023. Sai dai na'urar tebur ba mai cin wuta ba ce sosai. Mai wat 40 tare da famfonta da fankarta ƴan ɗaruruwan wat take ja, injin sanyin ruwa ya ƙara nasa, abin da faifan sola da batura masu kyau za su iya ɗauka. Abin tsoro shi ne wutar da ke hawa da sauka, da wadda ke ɗaukewa ana tsakiyar zane, domin farantin da aka yi rabi sau da yawa ya tashi aiki. Maganinsa na'urar daidaita wuta da batirin riƙo, da kuma wayar ƙasa da aka binne da kyau, tunda bututun yana aiki da volt 15,000 ko fiye. Wutar ba ta hana sana'ar ba, ta dai ƙara mata tsada, kuma wannan ƙarin yana cikin abin da ya sa nake cewa jarin ya fi ƙarfin yaro ɗaya.

Ƙorafi na gaba ya fi wannan wuyar amsawa. Za a ce wa zai saya? Ƙonni na nan kusa, daga can zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba, Kano kuma tana da manyan injuna da ke fitar da kaya da yawa a kan farashin da ɗan Malbaza ba zai iya karawa da shi ba. Haka ne, kuma duk wanda ya ce zai yi gasa da su a kan maɓallan makulli dubu ya shirya faɗuwa. Amma akwai aikin da nisa ke kashewa: abu ɗaya ko biyar, mai ɗauke da sunan mutum, ana so yau ko gobe, kuma in an yi kuskuren harafi a gyara nan take. Hatimin ƙungiyar manoma ko na shagon magani, wanda ake sassaƙawa a robar da aka yi don leza. Allunan ƙofar ofis na ma'aikatar magajin gari da makarantu da gidajen likita. Ƙananan alamomin da ake mannawa a akwatunan wuta, waɗanda masu haɗa sola da duk wata masana'anta ke bukata, kuma gari ne da ke da masana'antar siminti tun shekarun 1960. Kyaututtukan musabaƙa da na kokowa da na ƙwallon unguwa. Faranti mai hudajjen suna da ɗan kasuwar albasa a Galmi zai ɗora a kan buhu ya shafa fenti, maimakon rubutun hannu. Ma'aunan yanka na teloli da dukawa. Ga kuma rubuta suna daidai, da ƙ da ɗ da ɓ, ko da ajami, abin da mai injin nesa ba ya damuwa da shi. An kuma ga yadda iyaka ke rufuwa, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan daga 2023 zuwa Maris na 2024. Rufewar tana ba mai aikin gida ciniki, amma tana hana shi faranti da kayan gyara, don haka mai hankali yana ajiye madubi da gilashin kai na canji. Fitilar ado mai suna, wadda ita ce ta jawo hankali tun farko, lokacin biki da sallah take tafiya. Waɗancan ayyuka marasa ƙyalli su ne za su biya kuɗin haya.

Dattawa kuma suna da tasu damuwar, cewa inji zai kashe hannu. Zane da wuta ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, masu zanen ƙwarya da ƙarfe mai zafi suke yi tun kaka da kakanni, dukawa suna da nasu tambarin da suke bugawa a fata. Ba zan ce babu wanda zai ji a jikinsa ba: mai sassaƙa hatimi da reza a bakin ofis zai ji, kamar yadda ya riga ya fara ji. Amma ƙwarya zagayayya ce, na'urar tebur kuwa shimfiɗaɗɗen abu take so, da wuya ta bi cikin ƙwarya yadda hannu ke bi. A fannin fata kuwa, dama ce ta buɗe. Fatar da aka jeme da sinadarin kurom, irin ta manyan masana'antu, ba a so a ƙona ta da leza saboda gubar hayaƙinta, amma wadda majemanmu ke jemewa da bagaruwa ita ce irin da masu wannan aiki ke nema a ko'ina. Baduku zai iya kawo jakar da ya ɗinka a sa mata sunan mai ita, ya ƙara kuɗi. Abin da nake tsoro ya fi wannan: matasa su riƙa sauke zanen zuciya da fure daga intanet, irin wanda kowa ke da shi daga Dubai har Legas, su bar zanen da ke jikin ƙoran iyayensu mata da tabarmin Madawa da bangon gidajen sarauta. Wanda ya ɗauki zanen wata tsohuwa ya sa a kwamfuta ya buga sau ɗari, ya kamata ya nemi izininta ya kuma ba ta rabonta.

Akwai masu cewa roba ce, daga waje take zuwa, ga shara ta ishe mu. Ba su yi kuskure ba, akirilik ba ya ruɓewa, kuma kowane faranti kuɗi ne da ya fita daga gari. Abin da zai rage wannan shi ne tsara aiki yadda guntaye za su zama ƙananan kaya, da kuma mayar da hankali ga fata da katako inda suka wadatar. A nan akwai wani abu da ya shafe mu musamman: da yawa daga cikin aikin da za a kawo ayoyi ne da sunayen Allah. Farantin da ya lalace a tsakiyar aya ba a jefa shi a juji, sai a sake bi ta kan rubutun da na'urar har ya shafe gaba ɗaya.

In aka tara duk wannan, na'urar CO2 mai murfi, da injin sanyin ruwa, da fankar hayaƙi, da kariyar wuta, da kwamfuta, da ɗaki mai kyau, da bututun canji tunda shi ma ƙarewa yake yi, za a ga dalilin da ya sa na ce a haɗa kai. Ba sabon tunani ba ne. Ɗakunan ƙira na tarayya da ake kira Fab Lab, waɗanda Neil Gershenfeld na jami'ar MIT ya assasa, a kan haka aka gina su, kuma tun 2004 aka buɗe ɗaya a makarantar fasaha ta Takoradi a Gana. A nan gida akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a cikin kwaminoni, akwai asusun FAFPA da aka kafa domin tallafa wa koyon sana'a, akwai ƙungiyoyin masu sana'ar hannu. Waɗannan su ne ƙofofin da ya kamata matasa su ƙwanƙwasa da takarda a hannu, maimakon kowa ya sayar da babur ɗinsa. Na san abin da za a ce, kayan tarayya ba ya daɗewa, kowa ya yi amfani, in ya lalace a rasa mai gyara. Mun ga injunan niƙa da famfunan da suka mutu a haka. Amma in aka bincika, abin da ya kashe su rashin mai alhaki ne da rashin kuɗin gyara. A ba mutum ɗaya ko biyu da suka koya makullin na'urar, sauran su kawo zanensu a waya ko a kwamfuta. A riƙa biya da minti, a rubuta a littafi, a ware kaso na bututu tun daga ranar farko a asusun da ba a taɓawa. Mai zane ba ya bukatar mallakar na'ura kafin ya fara, Inkscape da tsohuwar kwamfuta sun ishe shi wata shida yana koyo.

Wanda kuma ya ce shi dai sai ya sayi tasa, to ya je da guntun akirilik garai-garai mai kaurin milimita 3 a aljihu, ya ce a yanka a gabansa, a kuma zana masa sunansa. In ta intanet zai saya, ya nemi a rubuta masa ƙarara ko CO2 ce ko diyod, da ƙarfin hasken da ke fita, domin wasu ƙarfin wutar da take ja suke rubutawa don lambar ta yi girma. Ya tambayi inda ake samun bututu da madubai a Sakkwato ko Kano ko Yamai, da wanda zai ɗauki asara in bututun ya iso a fashe, tunda gilashi ne zai biyo mota a kan hanyoyinmu. Ya tambayi ko na'urar tana tsayawa da kanta idan an ɗaga murfi ko ruwa ya daina zagayawa, domin masu arahar da yawa ba su da wannan kariya, sai an sa musu daga baya. Ya sa kuɗin duwan da na mota a lissafi kafin ya ce ya samu araha.